MOTA MAI ƊAKI A CIKI: TSOHUWAR KWAMBI DA AIKIN HANNUN MAI ITA

Duk ɗan Arewa da ya kwana biyu a Ikko ya san danfo, watau bas ɗin nan rawaya mai ratsin baƙi da ke kwasar fasinja daga Oshodi zuwa Agege, ko daga Obalende zuwa Mile 12. Da yawa daga cikinsu ƙirar kamfanin Volkswagen ne na ƙasar Jamus. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a can inda aka ƙera ta, wannan mota tana da wani aiki dabam. Mutane sukan cire kujerun baya, su kafa gado da kabad da wurin girki, motar ta zama ɗaki mai tafiya. A cikinta mai ita zai kwana, a ciki zai dafa shayinsa, gari ya waye ya tayar da inji ya ƙara gaba.

Turawa don yawon shaƙatawa suke wannan. Amma ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kurmi da Arewa, wanda ya san kwanan benci a tasha da cizon sauron Jebba, ko magidancin da ke kwasar iyalinsa tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Ikko zuwa Kano kowace Salla, yana da dalilin da ya fi nasu ƙarfi. Kuɗin masauki ya yi tsada, kuɗin mota ya ninka tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sa'an nan kuɗin aikin gareji shi ma bai tsaya ba. Wanda ya iya riƙe sifana da sukundireba ya rage wa kansa asara mai yawa.

Sai dai fa aikin yana da ƙa'ida. Motar da mutum zai kwana a ciki da matarsa da 'ya'yansa, da tukunyar gas a gefe da tankin fetur a ƙasa, kuskure kaɗan a cikinta na iya cin rai. Don haka ya kamata a san abin da mai mota zai yi da hannunsa, da abin da tilas ya bar wa masu sana'a, da kuma wanda za a fara kafin wani.

ASALIN MOTAR

A shekarar 1947 wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan mai suna Ben Pon ya ziyarci masana'antar Volkswagen a garin Wolfsburg, ya zana hoton wata mota mai kama da akwati a littafin aljihunsa, direba a can gaba, inji a can baya. A watan Maris na 1950 aka fara ƙera ta. Injin farko ƙarami ne ƙwarai, ƙarfinsa bai wuce na doki 25 ba, irin wanda ke cikin ƙaramar motar nan mai ƙusumbi da Yarbawa ke kira ijapa, watau kunkuru.

Shekara guda bayan haka, a 1951, wani kamfani mai suna Westfalia ya fara yi mata kayan ɗaki: akwatin katako da ake sakawa ranar hutu, a cire shi ranar aiki. Daga baya aka zo da rufin da ake ɗagawa sama don mutum ya iya miƙewa tsaye. A Ingila ma masu ƙira irin su Dormobile sun shiga wannan sana'a. An sake fasalin motar a 1967, aka kuma sakewa a 1979, inda aka fito da mai kusurwoyi wadda ita ce ta cika titunan Ikko da sunan danfo. A 1990 aka mayar da inji gaba. Tsohuwar ƙirar kuwa an ci gaba da yin ta a ƙasar Birazil har watan Disamba na 2013, lokacin da sabuwar dokar kare lafiyar fasinja ta ƙasar ta sa aka daina.

Al'adar mutum ya gyara Kwambinsa da kansa ta yi ƙarfi ne a Amurka bayan 1969, shekarar da wani injiniya mai suna John Muir ya fitar da littafin koyar da gyaran Volkswagen ga wanda bai taɓa riƙe sifana ba. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne sauƙin injin. Ba shi da lagireta, iska ce ke sanyaya shi, kuma manyan kusoshi huɗu ne ke haɗe shi da giya, ta yadda mutum biyu masu jak za su iya sauke shi a tsakar gida.

Dattawan Kano da Damagaram da Agadas ba baƙin irin wannan mota ba ne. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sukan ƙetaro Sahara da ita, daga Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo Nijar ta Assamaka, su biyo Arlit da Agadas da Damagaram har Kano, waɗansu su sayar da motar a hanya su koma gida a jirgin sama. Wannan zirga-zirga ta mutu a farkon shekarun 1990 saboda tawayen arewacin Nijar da yaƙin basasar Aljeriya. A nan gida kuma, a 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Volkswagen a Ojo, kan hanyar Badagiri, shekarar da aka buɗe ta Peugeot a Kaduna. Wannan ne ya sa makanikai da kayan gyaran motar suka yawaita a Kudu.

A FARA DA ƘARFE

Kuskuren da masu sha'awar wannan aiki suka fi yi, a Turai da ko'ina, shi ne su fara da katifa da labule alhali ƙarfen da ke ƙasa ya ruɓe. Inji ana sake shi, giya ana sake ta, amma bodin da tsatsa ta cinye ginshiƙansa kuɗin gyaransa ya fi kuɗin motar.

Tsatsa ta hanya biyu take samun motocin Kudu. Ta farko ita ce laima da iskar teku mai gishiri da ruwan da ke kwanciya a titi da damina. Ta biyu kuwa da ita motar ke zuwa, domin a Turai ana watsa gishiri a kan hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, shi ya sa mota 'yar Kwatano ko 'yar Apapa za ta yi ƙyalli a sama, ƙasanta kuwa ya zama rariya.

Wanda zai sayi mota ya tafi da tocila da sukundireba da ɗan maganaɗisu. Ya duba ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da kewayen tayoyi, da wuraren da ake kafa jak, da mazaunin batir, da gindin gilashin gaba inda robar ke riƙe ruwa, da layin da ƙofar gefe ke gudu a kai. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya leƙa. Inda ya soka sukundireba ya ji laushi, wurin ya mutu. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, an cike rami ne da bodi-fila aka shafe da fenti. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Tsatsar da ke sama-sama mai mota zai iya maganinta da kansa. Ya goge da buroshin ƙarfe da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, ya shafa jan fenti mai hana tsatsa a ranar, kada ya bari ya kwana, sa'an nan ya bi da fenti. Amma inda ƙarfe ya huje, musamman a shasi ko wurin da ke ɗauke da nauyi, aikin mai walda ne, a yanke ruɓaɓɓen a dasa sabo. Kafin a kunna wutar walda a cire kan batir, a kwashe duk abin da ke iya kamawa, a kuma lura da inda tankin mai da bututunsa suke. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur shi ke fashewa.

KULA DA INJI

Injin tsohuwar Kwambi mai siisi 1600 yana son abu kaɗan, amma yana son su a kan lokaci. Na farko shi ne baƙin mai. Lita biyu da rabi kacal yake ɗauka, kuma ba shi da fita irin ta motocin zamani sai 'yar rariya a ƙasa. Tun da shi wannan mai yana taimakon iska wajen kwashe zafi, ana juye shi duk kilomita 5,000, a wanke rariyar, a sa sabon gasket. Mai bin hanyar ƙura da hunturu ya rage wannan nisa.

Na biyu shi ne saitin bawul. Ana yin sa da safe inji na sanyi, a buɗe murfin gefe, a auna tsakanin da siririn ma'aunin ƙarfe mai kaurin milimita 0.15. In tsakanin ya matse, bawul ba ya rufewa sosai, sai ya ƙone, wani lokaci kansa ya gutsure ya faɗa kan fistin, inji ya tashi aiki nan take. A tsofaffin injuna na kafin 1971 silinda ta uku ce ta fi saurin wannan ciwo, domin abin sanyaya mai yana tare mata iska. Aikin ba ya cin awa guda, kuma sifana ɗaya da sukundireba ɗaya sun isa.

Na uku shi ne fambel. A motar da ke da lagireta, in fambel ya tsinke akwai ɗan lokaci. A wannan kuwa shi ke juya fankar da ke hura wa inji iska, saboda haka da jar fitilar caji ta kama a gaban direba, ya tsaya nan da nan ya duba. Minti kaɗan na ganganci sun isa su ƙone inji. Idan aka danna fambel da babban yatsa ya kamata ya lotsa kimanin santimita ɗaya da rabi. Kada a kama hanya babu na ajiya.

Har wa yau, akwai faranta na gwangwani da ke lulluɓe da injin, da robar da ta kewaye shi. Yawancin yaran gareji sukan jefar da su wai ba su da amfani. Su ne ke raba iska mai sanyi ta sama da mai zafi ta ƙasa. In babu su, fanka za ta riƙa zuƙo zafin salansa tana mayar wa inji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya fi halaka waɗannan motoci a duniya shi ne gobara, kuma sanadinta sananne ne. Robar da ke kawo fetur zuwa kafireta takan bushe ta tsage, ko ta zare, mai ya zuba a kan inji mai zafi. Direba yana can gaba, bai sani ba sai na bayansa sun fara yi masa ihu. Duk wanda ya sayi tsohuwar bas ya sake robobin mai baki ɗaya tun ranar farko, ya ɗaure kowane baki da maɗauri, ya ajiye tukunyar kashe gobara inda hannunsa zai kai daga kujerar direba.

Ƙirar danfo ta bayan 1982 yawancinta ruwa ke sanyaya ta. Lagireta na gaba, inji na baya, dogayen bututu na haɗa su ta ƙarƙashin mota, kuma ruwan ya haura lita 15. Abu biyu ke kashe ta. Ɗaya iskar da ke maƙalewa a bututu in an sake ruwa ba a fitar da ita ba. Ɗaya kuma zuba ruwan famfo ko na rijiya zalla, wanda ke cin kan injin ta ciki har gasket ya fara yoyo. A riƙa haɗawa da ruwan lagireta na kanti. Mai Toyota Hiace, wadda aka fara ƙerawa a 1967 kuma injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba, shi ma wannan gargaɗi na ruwa ya shafe shi.

Aikin da ya kai ga buɗe cikin inji ko giya, a kai wa makanikin da ya san motar. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Wajen sayen kaya a Ladipo ko a Nkpor ta kusa da Anacha, a tafi da tsohon a hannu a gwada da sabon, a kuma rubuta lambar shasi da ta inji a takarda, domin ƙira ɗaya tana da kaya iri-iri gwargwadon shekara.

BIRKI DA TAYA

Motar da aka ƙara wa katako da ruwa da batir ta fi da nauyi, birkinta kuma bai ƙaru ba. A duba takalman birki, a bi bututunsa na ƙarfe da ido ko tsatsa ta ci, a lanƙwasa na roba a ga ko sun tsage. Man birki yana shan laima daga iska, kuma in ya sha, yakan tafasa a doguwar gangara sai feda ta nutse babu kamu. Shi ya sa ake juye shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba.

Taya tana da ranar haihuwa a jikinta. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida ba abar dogaro ba ce a kan kwalta mai zafi, ko da zanenta bai goge ba. A nemi mai harafin C bayan lambar girmanta, domin ita aka yi wa ɗaukar kaya. Ta ƙaramar mota za ta shiga, amma ba za ta jure ba.

Doka guda babu sassauci a cikinta: ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kafa ƙafafun ƙarfe ko guntayen katako masu kauri a kan ƙasa mai tauri, a sa waigi a tayoyi. Bulo yana iya rugujewa ba tare da ya ba da sanarwa ba.

GINA ƊAKIN

Sai ƙarfe da inji da birki sun yi daidai za a kira kafinta, ko mutum ya ɗauki zarto da kansa. Kafin a yanka komai a zana fasalin ɗakin da alli a ƙasan motar, a kawo kwalaye a jera a matsayin gado da kabad, a shiga a zauna a kwanta a gani. Gadon da ya kai mita 1.8 a tsawo da mita 1.2 a faɗi ya ishi mutum biyu. Wanda ya fi amfani shi ne mai naɗewa, kujera da rana, gado da dare, ƙarƙashinsa kuma ma'ajiyar kaya. Ɗan kasuwa ya yi nasa yadda zai iya cire shi da kusoshi kaɗan ranar da zai yi lodi, kamar dai akwatin Westfalia na farko.

Nauyi shi ne abin lissafi. Irin wannan bas abin da za ta ɗauka duka, har da mutane, bai wuce tan guda ba, kuma ainihin adadin yana rubuce a farantin da ke jikinta. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, watau jarka biyu masu lita 25 kilo 50 ke nan. Batir babba ya kusa kilo 30. Saboda haka a yi amfani da filawud mai kaurin milimita 12, a guji katakon iroko da tayil. Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Abin da aka ɗora a kan rufi yana sa mota tangaɗi a kwana.

Kowane kabad a ɗaure shi da kusa da noti a jikin ƙarfen motar. In aka taka birkin gaggawa, abin da ba a ɗaure ba kan direba zai nufa. Kafin a huda ƙasa a leƙa a tabbata babu tanki ko bututun birki ko waya a wurin, kuma kowane rami a shafe bakinsa da fenti.

Baturen Jamus sanyi yake gudu, mutumin nan kuwa zafi da sauro. A shafa wa rufi farin fenti, a manna soso mai rufaffen ido ta ciki sa'an nan a rufe da siririn filawud. Soson katifa ba ya yi, domin yana shan ruwa ya haifar da tsatsa a ɓoye. A yi wa tagogi biyu masu kallon juna raga, a kuma huda mafitar iska a rufi, tun da zafi sama yake hawa. Rumfar tamfol da ake ja daga gefen mota tana ba da inuwar salla da girki da hira.

WUTAR LANTARKI

Kada a ja fanka da fitila daga batirin tayar da mota, in ba haka ba da asuba sai turi. Ana sa batir na biyu, a haɗa shi da na farko ta wata 'yar na'ura da masu wayarin ke kira rile, wadda ke haɗa su in inji na aiki don su sha caji tare, ta raba su in an kashe.

Lissafin ba shi da wuya. Batir mai lamba 100 a kan bolt 12 yana riƙe da abin da zai ba da wat 1,200 na awa guda. Amma batirin ruwa in ana shanye shi ƙasa da rabi ba ya daɗewa, don haka 600 ne na amfani. Fanka mai wat 15 a awa takwas ta ci 120. Ƙwai biyu masu wat 5 a awa huɗu sun ci 40. Cajin waya biyu kimanin 30. Jimla 190, watau dare uku ke nan ba a tayar da inji ba. In aka ƙara firiji lissafin ya sauya, domin shi kaɗai yana iya shanye wannan batir cikin kwana biyu a lokacin zafi. Faifan sola mai wat 100 a kan rufi yana mayar da kimanin 400 a yini mai rana, in an goge masa ƙura, kuma tilas a sa na'urar daidaita caji tsakaninsa da batir.

Kowace waya da ta fito daga batir a sa mata fis kusa da kan batirin. In fis ya ƙone a nemi dalili, kada a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari yadda aka saba. Inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kamawa lokacin caji, saboda haka akwatinsa na bukatar mafita zuwa waje.

GAS DA NUMFASHI

Nan ne aka fi asarar rai. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci, yana jiran ƙyastu ɗaya. A yi wa tukunyar akwati nata, a tsaye, a ɗaure, da rami a ƙasan akwatin wanda ya fita waje. A gwada mahaɗa da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa akwai yoyo. A rufe kan tukunya duk lokacin da aka gama girki da duk lokacin da mota ke tafiya. Abin da ya fi shi ne a sauko da risho ƙarƙashin rumfa a yi girki a waje.

Ɗaya makashin ba shi da wari ba shi da launi. Gawayi da risho da janareto da salansa duk suna fitar da wata iska mai guba wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Mutum zai ji ciwon kai da kasala, barci ya kwashe shi, shi ke nan. Mazauna Kudu sun sha jin labarin iyalin da hayaƙin janareto ya kashe a ɗaki cikin dare, to cikin mota ya fi ɗaki ƙunci. Ba a shiga da kaskon wuta don sanyin hunturu, ba a kwana inji na aiki, ba a rufe tagogi ruf. A tsohuwar Kwambi, iskar ɗumama ciki ta jikin salansa take biyowa, don haka in salansa ta huje a toshe wannan hanya gaba ɗaya. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in wannan guba ta taru, kuɗinta bai kai na taya guda ba.

TAKARDU DA HANYA

Motar da aka saya daga hannun mai haya a Ikko tana ɗauke da launi da lambar haya. Wanda zai mayar da ita ta gida ya sake fenti, ya je ofishin lasin a gyara takardu su dace da sabon launi da sabon aiki, in ba haka ba shi da 'yan yuniyan da jami'an hanya ba za su rabu ba. Ya tabbata takardar kwastan da ta mallaka da inshora da shaidar lafiyar mota suna hannu, lambar shasi kuma ta yi daidai da abin da ke rubuce. Baƙin gilashi yana jawo tambayar 'yan sanda, labule ya wadatar. Mota mai sitiyari a dama a bar ta inda aka gan ta, domin tun watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Mai niyyar shiga Binin ko Gana ya nemi katin inshorar ƙasashen ECOWAS da ake kira Brown Card.

Bature yakan tsaya a bakin tafki ko gindin dutse ya kwana. Halin da hanyoyin ƙasar nan ke ciki bai ba da wannan dama ba. Wurin kwana shi ne inda jama'a suke: tasha, ko gidan mai da ke da maigadi, ko harabar masallaci da izinin masu shi, ko zangon Hausawa irin na Sabo a Badun da Shagamu, inda baƙo zai gai da Sarkin Hausawa ko wakilinsa a nuna masa inda zai tsaya. A yi tafiya da rana, a sauka kafin magariba, a tambayi direbobin tasha labarin hanya kowace safiya.

Wanda ya gama aikinsa kada ya fara da doguwar tafiya. Ya kwana a cikin motar a ƙofar gidansa dare ɗaya, zai gane inda ruwa ke shiga da inda sauro ke bi. Sa'an nan ya yi lodi cikakke ya je Badun ko Abekuta ya dawo, ya taɓa tayoyi ya ji zafinsu, ya leƙa ƙasa ya ga ko wani abu na ɗiga, ya sake ɗaure kusoshi. A akwatin kayan aiki kada a rasa fambel, da filogi, da fis, da robar mai, da wayar totur da ta kuloci, da galan na baƙin mai. Mai son zuwa gida da Babbar Salla ya fara aikinsa tun kafin azumi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.